Shin akwai gwajin jini da zai nuna yaron da murar infuluwenza za ta taɓa wa ƙwaƙwalwa?

Nas a sashen yara ta rubuta:

Assalamu alaikum. Ina gaida likitoci da malaman ɗakin gwaji da ke wannan zaure, da fatan kowa yana lafiya. Ni ma'aikaciyar jinya ce a sashen gaggawa na yara, kuma akwai wani abu da ya tsaya mini a rai tun hunturun da ya wuce, wanda nake neman a warware mini shi.

Wata ranar Laraba da la'asar aka kawo mana yarinya 'yar shekara uku, mai ƙiba da kuzari, wadda uwarta ta ce ba ta taɓa kwanciya a asibiti ba. Kwana biyu ke nan tana tari da majina da zazzaɓi mai zafi, kuma duk gidan, daga uban har yayyenta, sun yi irin wannan murar a makon. Ta yi jijjiga sau ɗaya a gida, ta sake yi a hannunmu, aka ba ta magani ta lafa. Gwajin maleriya bai nuna komai ba, sukarin jininta daidai yake, ruwan lakar da aka ɗiba kuma garau yake kamar ruwan famfo. Abin da ba zan manta ba shi ne yadda uwar ta riƙe mini hannu bayan isha'i tana cewa, "Sista, idonta a buɗe yake amma ba ni take kallo ba." Kafin asuba yarinyar ta shiga doguwar suma, washegari da yamma Allah ya karɓi abarsa. A gadon da ke kusa da nata akwai yaro mai irin wannan tari, da irin wannan zazzaɓi, shi ma ya yi jijjiga, amma bayan kwana biyu ya tashi yana neman shayi.

Na karanta cewa murar infuluwenza tana iya taɓa ƙwaƙwalwar yara, kuma ana auna wasu sinadaran garkuwar jiki, irin su IL-6, domin a gane wanda ke cikin haɗari. Tambayata ita ce: da a ce muna da wannan gwaji a ranar Larabar nan, shin zai raba mana tsakanin yaran nan biyu tun da la'asar? Idan kuwa ba mu da shi, me za mu duba a cikin abin da ke hannunmu?

Likitan yara ya amsa:

Wa alaikumus salam, Sista. Allah ya ba iyayen haƙuri, ya saka miki da alheri kan yadda kika riƙe abin a zuciya. Tun da ba a yi wa yarinyar gwajin infuluwenza ba, ba a kuma ɗauki hoton ƙwaƙwalwarta ba, babu wanda zai rantse a kan abin da ya same ta, amma yadda kika bayyana tafiyar ciwon ya yi kama sosai da abin da likitocin Japan suka daɗe suna fama da shi.

A Japan ne aka fi nazarin wannan matsala. A shekarar 1995 Masashi Mizuguchi da abokan aikinsa suka bayyana nau'in da ya fi muni, wanda ake taƙaita sunansa da ANE, inda wani sashe na can cikin ƙwaƙwalwa da ake kira talamus yake kumbura ya lalace a ɓangaren dama da na hagu a lokaci guda. Sannan a binciken ƙasa baki ɗaya da Tsuneo Morishima ya jagoranta a kan hunturun 1998 zuwa 1999, an tattara mutum 148, mafi yawansu yara 'yan ƙasa da shekara biyar, kuma kusan kashi 32 cikin 100 sun rasu, wasu kusan kashi 28 suka tashi da nakasa. Abin da ya ɗaure wa masu bincike kai shi ne, da wuya a sami ƙwayar cutar a ruwan laka ko a cikin ƙwaƙwalwar kanta, kuma fararen ƙwayoyin jini ba sa taruwa a ruwan lakar kamar yadda suke yi a sanƙarau. Ke nan bairus ɗin yana hanci da maƙogwaro da huhu, ɓarnar da ke kai kuwa garkuwar jikin yaron ce take yin ta. Ƙwayoyin garkuwa suna aika wa juna saƙo da wasu ƙananan furotin da ake kira sitokin, daga cikinsu akwai IL-6 da IL-10 da TNF, kuma idan suka yi ambaliya sai bangon ƙananan jijiyoyin jini ya fara yoyo, ruwa ya shiga ƙwaƙwalwa ta kumbura, hanta da ƙoda su jigata, jini ya riƙa daskarewa inda bai kamata ba yana kuma tsinkewa inda ake buƙatar ya daskare.

A kan IL-6 kuwa, wani bincike da Aiba da abokansa suka wallafa a 2001 ya nuna cewa yaran da ciwon ya taɓa musu gindin ƙwaƙwalwa, wato wurin da ke riƙe da numfashi da bugun zuciya, adadin IL-6 a jininsu ya haura fikogiram 6,000 (fikogiram wani ɗan mitsitsin ma'aunin nauyi ne) a kowace mililita, alhali waɗanda bai taɓa musu wurin ba suna wajen 150, kuma duk wanda nasa ya wuce 15,000 bai rayu ba. Tazarar tana da girma ƙwarai, shi ya sa sunan IL-6 ya yi fice. Takashi Ichiyama na Jami'ar Yamaguchi ya ƙara nuna cewa IL-10 da wani furotin mai karɓar TNF da ke yawo a jini su ma suna hawa a yaran da abin ya ƙare musu da muni.

Sai dai a nan ne nake so a yi hattara, domin tambayoyi biyu ne ake cuɗa su wuri ɗaya. Ta farko: a cikin yara ɗari masu mura da zazzaɓi, wane ne ƙwaƙwalwarsa za ta taɓu? Ta biyu: a cikin waɗanda ta riga ta taɓu, wane ne zai mutu ko ya nakasa? Kusan duk binciken da na ambata ta biyun yake amsawa, saboda an ɗebi jinin ne bayan yaro ya riga ya fita hayyacinsa, kuma yaran da aka auna ba su da yawa. Babu wani adadi na IL-6 da aka amince da shi a duniya wanda za a auna wa yaro mai mura da ke zaune a cinyar uwarsa a ce wannan zai suma gobe. Don haka amsata ga tambayarki ita ce, da la'asar ɗin nan gwajin zai iya nunawa, zai kuma iya yin shiru. Bayan isha'i kuwa, lokacin da uwar ta ce ba ita take kallo ba, mai yiwuwa ne ya yi tashin gwauron zabo, amma a lokacin maganar uwar ta riga ta faɗa miki abin da gwajin zai faɗa.

Akwai kuma nau'in da sitokin ba sa kama shi sosai. Jun-ichi Takanashi ya bayyana shi a 2006, ana kiransa AESD, kuma shi ne ya fi yawa a cikin cututtukan ƙwaƙwalwa na farat ɗaya da ke biyo bayan zazzaɓi a yaran Japan, kusan uku cikin goma. Yaro zai yi doguwar jijjiga a ranar farko, ya ɗan farfaɗo har a fara maganar sallama, hoton MRI ma ya fito lafiya, sannan tsakanin kwana na huɗu da na shida jijjigar ta dawo a jere, hankali ya sake gushewa. A nan abin da ake zargi shi ne gajiyar da ƙwayoyin ƙwaƙwalwa suka yi saboda yawan gulutamet, sinadarin da ke zaburar da su, a lokacin jijjigar farko, ba ambaliyar sitokin ba. Wanda ya dogara da IL-6 kaɗai zai sallami irin wannan yaro da kwanciyar hankali.

Malamin ɗakin gwaji ya amsa:

Ranka ya daɗe, Dakta, na ƙaru da bayaninka, kuma zan ɗora daga inda aikina yake. Shekara goma sha ɗaya ina kan benci, kuma abin da na sani game da IL-6 shi ne ba ya jira. Yana tashi cikin 'yan sa'o'i, yana kuma sauka da sauri, ta yadda jinin da aka ɗiba ƙarfe huɗu da wanda aka ɗiba ƙarfe goma na dare za su iya ba da labari biyu mabambanta a kan yaro ɗaya. Idan da hanyar ɗakin gwaji da ake kira ELISA za a auna, sai an raba ruwan jinin da wuri, an daskarar da shi, an jira samfura su taru domin faranti ɗaya na da gurbi 96 kuma ba a buɗe shi saboda mutum ɗaya. Kafin sakamako ya fito an yi kwanaki, ga kuma matsalar wutar lantarki da ke narkar da abin da aka daskarar. Akwai manyan injuna da ke fitar da shi cikin ƙasa da rabin sa'a, waɗanda suka yaɗu a wasu ƙasashe lokacin korona, amma tsadar sinadaransu ta fi ƙarfin yawancin iyayen da Sista take gani. A mai lafiya adadin bai cika wuce fikogiram 7 a mililita ba, sai a kwatanta da dubban da Dakta ya ambata.

Matsala ta biyu ta fi shafarmu a nan. IL-6 da TNF ba su san sunan cuta ba. Tun 1990 Dominic Kwiatkowski ya nuna a yaran Gambiya cewa TNF ya fi hawa a waɗanda maleriyar ƙwaƙwalwa ta kashe, haka kuma sitokin suna hawa a sanƙarau da gubar ƙwayoyin cuta a jini. A Tokyo, yaron da ya suma da zazzaɓi a watan Janairu kuma gwajin hanci ya nuna infuluwenza, hanya a buɗe take. A Kano ko Maraɗi kuwa, lokacin hunturu da bazara shi ne lokacin sanƙarau, maleriya kuma ba ta gama tafiya ba, don haka hawan IL-6 zai ce mana wuta ta kama ne kawai, ba zai ce ga wanda ya kunna ta ba.

Abin da nake ba da shawara shi ne a nemi sawun ambaliyar a gwaje-gwajen da kowane babban asibiti ke yi. Sinadaran hanta AST da ALT, da LDH mai nuna lalacewar ƙwayoyin jiki, da kiriyatinin na ƙoda, da adadin filatilet, wato ƙwayoyin da ke daskarar da jini, da sukari, da feritin, furotin mai ajiye sinadarin ƙarfe, idan akwai. Idan AST ya yi tsalle zuwa ɗaruruwa ko dubbai a yaron da ba shi da ciwon shawara, filatilet suna faɗuwa, furotin ya hau a ruwan laka ba tare da fararen ƙwayoyi ba, to wannan haɗuwar ta fi kowane adadi guda ɗaya magana. Kada kuma a ruɗu da CRP, furotin ɗin da ake aunawa a jini don gane kumburi, domin IL-6 ne ke umartar hanta ta ƙera shi, saboda haka yana biyo baya da kusan yini guda ko fiye, kuma yana iya kasancewa ƙasa a daidai lokacin da yaro ke zamewa. Roƙona ga ma'aikatan jinya shi ne a rubuta lokacin da aka ɗebi jini a jikin kwalba, a kuma maimaita bayan sa'a shida zuwa goma sha biyu idan yaro bai farfaɗo ba, domin alkiblar da adadin ya nufa ta fi adadin kansa amfani.

Mai harhaɗa magunguna ta amsa:

Sista, ina da tambaya ɗaya wadda ban ga an yi ba: me aka ba yarinyar a gida kafin a kawo ta? Ina tambaya ne saboda a binciken Japan ɗin da Dakta ya ambata an lura cewa mace-mace sun fi yawa a yaran da aka saukar wa zazzaɓi da dikulofenak ko mefenamik asid, har ma'aikatar lafiyar ƙasar ta taƙaita amfani da su ga yara masu infuluwenza a 2000 da 2001, aka bar farasitamol a matsayin abin da ya fi aminci. Tun kafin nan akwai darasin asfirin. Cutar da Douglas Reye ya bayyana a Ostireliya a 1963, mai kumbura ƙwaƙwalwa da lalata hanta bayan mura ko ƙarambau, an ƙirga yara 555 da ita a Amurka a 1980, amma bayan gargaɗin da aka yi ta yi, wanda ya kai ga tilasta rubuta shi a jikin kwalba a 1986, adadin bai sake wuce 36 a shekara ba. Likitocin Japan sun kuma danganta tiyofilin, ɗan'uwan aminofilin da ake ba masu asma, da doguwar jijjiga mai barin illa a ƙananan yara masu zazzaɓi.

Kowa a nan ya san yadda ake haɗa magani a kemis, a ƙulla ƙwayoyi huɗu ko biyar a farar leda babu suna, a ce a raba wa yaro rabi. Sau da yawa akwai dikulofenak a ciki, wani lokaci har da hodar ciwon kai mai asfirin. Ba na cewa wannan ne ya faru da yarinyarki, amma ina ganin tambayar "kawo ledar maganin mu gani" ta cancanci zama cikin abin da ake yi wa duk yaron da ya zo da zazzaɓi da jijjiga. Ita ce haɗarin da za a iya cirewa tun kafin a kai ga auna komai.

Likitan yara ya sake amsawa:

Hajiya ta taɓo wuri mai muhimmanci, Malam kuma ya faɗi gaskiya game da maleriya. Zan ƙara da cewa a Blantyre ta ƙasar Malawi, Terrie Taylor da abokanta sun binciki gawarwakin yaran da aka ce maleriyar ƙwaƙwalwa ce ta kashe su, suka wallafa a 2004 cewa kusan kashi 23 cikin 100 wani abu dabam ne ya kashe su, ƙwayar maleriyar da aka gani a jininsu 'yar rakiya ce. Wannan ya sa nake zargin cewa akwai yaran da infuluwenza ke taɓa wa ƙwaƙwalwa a ƙasashenmu waɗanda ake rubuta su a ƙarƙashin maleriya ko sanƙarau, tun da ba ma gwada murar.

Su kansu Japanawa, da suka zo haɗa ma'aunin da likita zai yi aiki da shi a bakin gado, ba su sa sitokin a ciki ba. Ma'aunin tsananin ANE da Yamamoto da abokansa suka fitar a 2015 yana ba da maki uku idan jini ya faɗi yaro ya shiga halin rugujewa, maki biyu idan hoto ya nuna gindin ƙwaƙwalwa ya taɓu, maki biyu idan yaro ya haura wata 48, maki ɗaya idan filatilet sun gaza 100,000 a maikrolita, da maki ɗaya idan furotin na ruwan laka ya wuce miligiram 60 a desilita. Na hasashen AESD da Tada da abokan aiki suka fitar a shekarar ya dogara ne da tsawon jijjiga fiye da minti 40, da shekarun da ba su kai ɗaya da rabi ba, da sukarin da ya haura miligiram 200 a desilita, da AST, da kiriyatinin, da buƙatar saka bututun numfashi, da kuma yanayin hankalin yaro sa'a 12 zuwa 24 bayan jijjigar. Kusan dukkansu abubuwa ne da za ki iya samu, Sista, in ban da hoton.

Abin da ya fi kusa da hasashe na gaskiya, wato tun kafin ciwo, yana cikin gado ne. A 2009 Derek Neilson ya gano cewa canji a ƙwayar gado mai suna RANBP2 yana sa ANE ta riƙa maimaituwa a dangi ɗaya, ana gadonsa daga uwa ko uba, kuma kusan kashi 40 cikin 100 na masu ɗauke da shi ne ke kamuwa. Ƙungiyar Hiroshi Kido a Jami'ar Tokushima kuma ta nuna wani nau'in sinadarin CPT II, mai taimaka wa jiki ƙona kitse, wanda ke raunana idan zazzaɓi ya kai digiri 40 zuwa sama. Ba mu da waɗannan gwaje-gwaje, amma muna da baki, don haka a tambayi uwa ko akwai yaro a danginta ko na mijinta da ya taɓa suma bayan mura ya rasu ko ya nakasa.

Dalilin da ya sa duk wannan gaggawar take da amfani shi ne akwai abin yi. Akihisa Okumura ya nuna a 2009 cewa yaran ANE da gindin ƙwaƙwalwarsu bai taɓu ba sun fi samun sauƙi idan an fara musu sitiroyid, maganin da ke danne kumburi, cikin sa'a 24 na farko. Ana haɗawa da oseltamibir, maganin bairus ɗin infuluwenza, wasu cibiyoyi kuma suna ƙara tosilizumab, maganin da ke toshe hanyar IL-6 ɗin kanta, ko da yake hujjarsa daga ƙananan rahotanni take. A wurinmu dole a fara rufe ƙofar maleriya da sanƙarau da magungunansu, likita ne kuma zai yanke shawarar sitiroyid. Ba matsalar Japan kaɗai ba ce: rahoton da mujallar JAMA ta fitar a 2025 ya tattara yara 41 masu ANE a Amurka cikin hunturu biyu, kashi 27 cikin 100 suka rasu, yawancinsu lafiyayyu ne kafin murar, kuma ƙalilan ne aka yi wa allurar rigakafin infuluwenza ta shekarar. Allurar ana fara ta ne daga wata shida, ba ta kuma cikin jadawalin rigakafin yara na yau da kullum a Najeriya.

Nas a sashen yara ta sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Dakta, Malam, da Hajiya, Allah ya ƙara ilimi. Hajiya, na koma na duba abin da na rubuta a ranar, kuma abin da ke wurin shi ne "an ba ta maganin zazzaɓi daga kemis", ban tambayi sunansa ba, ban kuma nemi ledar ba. Wannan ya dame ni, kuma daga yau na sa shi cikin tambayoyina. Ba a auna mata AST ko filatilet ba sai da safe, lokacin da ta riga ta suma.

Na yi magana da shugabar sashenmu, mun amince cewa duk yaron da ya yi jijjiga da zazzaɓi kuma bai dawo hayyacinsa ba bayan sa'a ɗaya, za mu riƙa auna hankalinsa da ma'aunin Blantyre kowace sa'a, mu rubuta makin daga 0 zuwa 5 a jikin takardar gado tare da lokaci, mu kuma rubuta abin da uwa ta faɗa da kalmominta. Idan maki ya sauka ko da ɗaya ne, za a kira likita a nemi gwajin hanta da filatilet da sukari a daren, ba sai an jira zagayen safe ba. Dakta, saura abu ɗaya: yaron da ya yi doguwar jijjiga ya farfaɗo, wanda kake tsoron ta dawo masa a kwana na huɗu, idan gadaje sun cika kuma dole a sallame shi, waɗanne alamu zan lissafa wa uwarsa ta dawo da shi a kansu, kuma a wace rana ya kamata mu sake ganinsa ko da bai nuna komai ba?